Sandar hawan dutse: ta kabon mara nauyi zan saya ko ta alminiyom?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 46, tsawona santimita 175, nauyina kilo 90. In Allah ya yarda a watan Fabrairu zan hau Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya ta hanyar Machame, tafiyar kwana bakwai, kuma yanzu ina motsa jiki a duwatsun Shere da ke Jos. Gwiwata ta dama takan yi ciwo idan ina gangarowa. Na ga sanduna iri biyu: ta kabon mai naɗewa, wadda guda biyun ba su kai giram 300 ba, da ta alminiyom mai kusan rabin kilo. Ta kabon ta ninka ɗayar kuɗi. Wacce zan saya, kuma yaya ake aiki da ita?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ga amsar tun daga farko, dalilai su biyo baya. Da wannan nauyi naka, da wannan gwiwa, da hanyar da ka zaɓa, kada ka sayi siririyar sandar kabon mai naɗewa wadda ba a ƙara mata tsawo. Nemi sanduna biyu masu gaɓa uku, waɗanda ake zuƙewa a ƙara tsawo ko a rage, masu makulli na waje da ake ɗagawa a danne da babban yatsa. Alminiyom mai kyau ya ishe ka. In aljihu ya yarda kuma ranka na son kabon, to ka nemi mai kaurin jiki, ba irin ta masu tseren duwatsu ba.

Yawancin mutane hawa suke tunani lokacin da suke zaɓen sanda. Ni ranar saukowa nake sawa a gaba, don a ranar ake gane sandar kirki. A hanyar Machame za ku bar sansanin Barafu, mai tsayin mita 4,673, wajen tsakar dare, ku isa Stella Point, wani wuri a bakin ramin da ke saman dutsen, da hudowar rana, daga nan ku ƙarasa ƙololuwar Uhuru, mita 5,895. Ba a daɗewa a can. A wannan yinin dai za ku juyo, ku biyo gangaren tsakuwa da ƙura mai zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ku ɗan huta a Barafu, sannan ku ci gaba da gangarawa har sansanin Mweka da ke wajen mita 3,100. Saukar kusan mita 2,800 ke nan a yini guda, ga mutumin da bai runtsa ba, cinyoyinsa suna rawa. Washegari kuma ga sauran gangara a cikin kurmi, ƙasa a jiƙe, saiwoyi kwance a kan hanya sai santsi. Wanda ya gaji haka ba ya tsayawa zaɓen inda zai dasa sanda. Jefa ta yake yi inda ta faɗa, ya bi ta da nauyinsa duka har da jakar goyo. Sandar da za ka saya, wadda za ta jure wannan ce.

Kuma taimakon da take yi wa gwiwa ba zancen 'yan kasuwa ba ne. A 1999 masu bincike a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Hermann Schwameder, sun auna mutane suna sauka a gangare mai karkatar digiri 25, suka ga sanduna biyu sun rage nauyin da ke sauka a kan gwiwa da kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari. A 2011 kuma Glyn Howatson da abokan aikinsa na Jami'ar Northumbria a Ingila suka wallafa abin da suka gani bayan sun hau Dutsen Snowdon na yankin Wales da mutum 37: waɗanda suka riƙe sanduna ba su yi tsamin jiki kamar sauran ba a kwanakin da suka biyo baya, ƙarfin cinyarsu kuma ya fi saurin dawowa. Sanda ba ta rage yawan aikin da jiki ke yi, hasali ma takan ɗan ƙara, tunda hannu da kafaɗa sun shiga ciki. Abin da take yi shi ne raba kayan, ta ɗauke wa gwiwa wani kaso ta ɗora wa hannu. Ga mai gwiwa irin taka, wannan rabon shi ne abin nema.

Yanzu batun kabon da alminiyom. Sandar kabon zare ne siriri aka jera aka haɗe da danƙo, aka yi bututu. Idan nauyi ya biyo ta daga sama zuwa ƙasa, a miƙe, ƙarfinta abin mamaki ne, ba ta kuma kawo girgizar dutse zuwa tsintsiyar hannu kamar yadda ƙarfe ke yi. Rauninta a gefe yake. Ba ta lanƙwasa ta yi maka gargaɗi, karyewa take yi lokaci guda. Na gani da idona a nan duwatsun Shere da kake zuwa. Ina gangarowa, tsinin sandata ya shige wata 'yar tsaga tsakanin duwatsu biyu, ni kuma na riga na ɗaga ƙafa, jikina ya wuce gaba, sandar tana maƙale a baya. Ƙas! kamar an karya karan dawa. Na ɗago ta, gaɓar ƙasa tana lilo, bakin karayar ya yi tsaitsaye da baƙaƙen zaruruwa masu tsini kamar ƙaya, ɗaya ma ya soke ni a yatsa. Da sanda ɗaya na ƙarasa sauka. Wani abokin tafiyarmu irin haka ta taɓa samunsa da ta alminiyom, sai ta lanƙwashe kawai kamar baka. Ya ɗora ta a cinya, ya miƙar da ita a hankali, ta kai shi gida ko da yake ba ta ƙara zuƙewa daidai ba. A Jos sanda ta karye, ka koma gida ka nemi wata. A rana ta huɗu a kan Kilimanjaro babu inda za ka samo.

In za ka sayi alminiyom, duba jikin sandar ko takardarta ka ga lamba 7075. Wannan gauraye ne mai sinadarin zinki, irin wanda ake aiki da shi a jikin jirgin sama, ya kuma fi wani nau'in alminiyom mai lamba 6061 tauri. Sai dai shi ma ba a miƙar da shi sau biyu a wuri ɗaya, yana iya tsinkewa. Akwai sandunan da gaɓar sama kabon ce, ta ƙasa alminiyom, kuma wannan dabara ce mai kyau, don ta ƙasan ce ke shan duka.

Ba ina kushe sanda mara nauyi ba ne. Ina da ita, ina kuma son ta. Nauyin sanda ba kamar nauyin kaya a baya ba ne, domin kowane taku biyu sai hannu ya ɗaga ta ya wurga gaba. Ka ɗauka ka yi taku 20,000 a yini, kowane hannu ya ɗaga sandarsa sau 10,000 ke nan. Bambancin giram 100 a kowace sanda, in an tara, kilo 1,000 ne hannu ɗaya ya ɗaga a yinin. Mai gudu a kan duwatsu, wanda nauyinsa bai wuce kilo 65 ba, wanda zai naɗe sandar ya soke a ɗamara sau goma a rana, shi aka ƙera wa irin su Distance Carbon Z ta kamfanin Black Diamond, kuma ya yi daidai in ya saya. Kai ba gudu za ka yi ba. A Kilimanjaro kalmar da za ka fi ji daga bakin 'yan jagora ita ce "pole pole", wato sannu sannu da harshen Swahili. Babbar jakarka 'yan dako ne za su ɗauka, kai sai ƙaramar jaka da ruwa da rigar sanyi. Giram 200 da za ka rage bai kai nauyin rabin ledar ruwa ba. Kuɗin da za ka ƙara don wannan, gara ka zuba shi a takalmi da safar hannu.

Wani abin da ya sa na hana ka waccan mai naɗewar shi ne tsawo. Irinta gaɓoɓi ne da igiya ta ratsa cikinsu, kamar sandar makafi ta zamani, ana ja su haɗe. Tana naɗewa ta koma kamar santimita 35 zuwa 40, ta shige kowace jaka, wanda babban alheri ne. Amma mafi rashin nauyi a cikinsu tsawo ɗaya gare su, 110 ko 120 ko 130, abin da ka saya shi ke nan. Kai kuwa kana bukatar tsawo uku. Ka tsaya a ƙasa mai baje da takalmin da za ka hau da shi, ka riƙe sandar tsininta a ƙasa kusa da ƙafarka. In gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai kamar kusurwar ɗaki, tsawon ya yi. Da lissafi, a ninka tsawon mutum da 0.68, naka ya ba da 119, wato 120. Wannan na ƙasa mai baje ne. A hawa mai tsawo ka rage santimita 5 zuwa 10, don kada kafaɗarka ta riƙa ɗagewa sama tana gajiya. A gangara ka ƙara 5 zuwa 10, don tsinin ya riga ƙafarka isa ƙasa ba tare da ka sunkuya ba. Saboda haka sandarka ta iya tafiya daga 110 zuwa 130 ba tare da ka wuce layin da aka rubuta STOP a jikin gaɓar ba. Wuce wannan layi shi ke karya sanduna da yawa, don abin da ya rage a cikin bututun sama bai isa ya riƙe ba. Kuma ka raba tsawon tsakanin gaɓar tsakiya da ta ƙasa, kada ka zaro siririyar ta ƙasa gaba ɗaya ka bar ta tsakiya a ciki. Akwai masu naɗewa da aka sa wa makulli ɗaya a sama mai ba da ƙarin santimita 15 zuwa 20. In ka samu irinta mai kauri wadda ta haɗa 110 zuwa 130, ba ni da ja.

Makulli shi ne wurin da sanda mai araha take fara cin amana. Iri biyu ne. Na murɗawa wata 'yar roba ce a cikin bututu, kana murɗawa tana buɗewa ta cije bango. Kamfanin Leki na Jamus ya fito da sandar tafiya mai zuƙewa mai suna Makalu tun 1974, kuma shekaru da yawa irin wannan makulli aka sani. Yana aiki in yana da tsabta. Amma ƙura ta shiga, ko ruwa, ko sanyi ya ƙanƙame robar, sai ya riƙa zamewa ko ya cije ya ƙi buɗewa. Kai kuma cikin hunturu za ka yi atisayenka, Disamba da Janairu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Na waje, mai ɗan harshe da ake dannewa, kana ganin komai da ido: in ya yi sako-sako akwai ɗan noti a gefe, ka ƙara ɗaure shi da yatsa ko da bakin kwabo, an gama. Kana iya buɗe shi da safar hannu mai kauri a cikin duhu, wanda na murɗawa ba zai yarda da shi ba. Sanda mai sifirin a ciki, wadda ake cewa tana shanye girgiza, bar ta. Ƙarin nauyi ne da ƙarin abin lalacewa, kuma a gangara ba ka son abin da zai nutse a ƙarƙashin hannunka lokacin da ka dogara.

A shago, ko ranar da aka kawo maka saƙon, gwada ta haka: zaro ta zuwa 125, kulle, kafa ta a ƙasa, ɗora tafin hannu biyu a kanta ka sake mata nauyinka. In ta zame ko da santimita ɗaya, ɗaure notin ka sake. In ta sake zamewa, mayar da ita. Girgiza ta ka saurara, sandar kirki ba ta kwaramniya.

Mariƙi kala uku ake yi. Na roba yana sa tafin hannu zufa har ya yi bororo, a ƙasarmu mai zafi ban ba kowa shawararsa ba. Na kok, wato ɓawon wata bishiya da aka fi samu a Fotugal da Sifen, yana shan zufa kuma a hankali yana ɗaukar siffar hannun mai shi. Na soso ya fi kowanne rashin nauyi, yana da laushi, ba ya ɗaukar sanyi. Kok ko soso, duk wanda hannunka ya ji daɗinsa. Abin da nake so ka nace a kai shi ne sosan ya zarce ƙasa da mariƙin kamar tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu. Ka lura da makiyayi idan yana hawa tudu da sandarsa: ba ya rage mata tsawo, hannunsa yake zamewa ƙasa, in ya zo gangara ya mayar da shi sama. Wannan ƙarin soso shi ke ba ka damar yin haka a ɗan gajeren hawa, ko inda hanya ta bi gefen dutse, hannu ɗaya yana ta tudu ɗaya yana ta kwari, ba sai ka tsaya buɗe makulli ba. Ba don shi ba, ƙarfe tsirara za ka kama a sanyin da ya sauka ƙasa da sifili.

Sai maɗaurin hannu, kuma a nan nake so ka fi ba ni hankalinka, domin mafi yawan waɗanda nake gani a kan dutse ba daidai suke sa shi ba. Suna zura hannu ta sama su damƙe sandar kamar za a ƙwace musu. Kafin azahar yatsu sun sage, dantse ya yi tsami, sai su ce sanda ba ta da amfani. Ga yadda ake yi. Bar maɗaurin yana lilo. Shigar da hannunka ta ƙasa, ka ɓullo ta sama, kamar mai sa awarwaro. Sannan ka sauko da tafin hannun a kan maɗaurin da mariƙin tare, yadda maɗaurin zai ratsa tsakanin babban yatsa da manuni, ya kwanta a tafin hannu, ya zagaye bayan tsintsiyar hannu. Yanzu saki yatsunka ka danna ƙasa. Za ka ji maɗaurin ne ya ɗauki nauyin, ba damƙa ba. Yatsu aikinsu kawai su nuna wa tsinin inda zai sauka, babban yatsa da manuni ma sun isa. Daidaita faɗinsa yadda hannunka zai zauna a kan mariƙin sosai, ba ya shaƙe ba ya lilo. Wasu sandunan an bambanta ta dama da ta hagu, akwai harafin R da L a jiki, ka duba. Daren hawa ƙololuwa kuma za ka sa safar hannu mai kauri, don haka ka buɗa maɗaurin tun da rana a Barafu, ka gwada shi da safar. Wannan sassaucin riƙo yana da wani amfani a daren: hannun da ya damƙe abu da ƙarfi jini ba ya zagaya shi sosai, shi ke fara daskarewa.

Amma akwai inda ake cire hannu daga maɗauri gaba ɗaya: gangara mai tsanani cikin manyan duwatsu, tsallaka rafi, da kurmi mai sarƙaƙiya. In ka faɗi hannunka yana ɗaure, ba za ka iya yar da sandar ka dafa ƙasa ba, tana iya murɗe maka babban yatsa ko tsintsiyar hannu. A gangaren tsakuwar nan da ke ƙasa da Stella Point ni cirewa nake yi, in ɗora tafin hannu a kan ƙoƙon mariƙin daga sama.

Tafiyar kanta ba wuya. A ƙasa mai baje, ƙafar dama da sandar hagu suke tafiya tare, kamar yadda hannu ke lilo da kansa in mutum yana tafiya. Tsinin ya sauka daidai ƙafarka ko ɗan bayanta, sandar ta karkata baya, ka ɗan tura. Kada ka miƙa ta can gaba, birki za ta zame maka. A hawa, gajerun taku, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, turawa ta baya maimakon jan jiki ta gaba. In ka zo babban mataki, kafa duka biyun a sama, ka danna, ka hau. A gangara abin ya juya: sanda ce ke gaba, ƙafa na biye. Kafa tsinin, tabbatar ya kama, sannan ka sauko da ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji a kan ƙafafu ba a kwance baya ba. A mataki mai zurfi kafa duka biyun a ƙasa, ka fara sauke ƙafar dama mai ciwon, lafiyayyar ta hagu ta riƙe nauyin tana lanƙwasawa daga sama. A hawa kuma ta hagun ce ke fara hawa. Idan ka ji tsinin ya maƙale, kada ka finciko ta gaba, wannan ne kuskuren da na yi. Tsaya, koma da hannun baya yadda ta shiga, ka zaro ta sama.

Ka kuma tuna da na bayanka. A daren ƙololuwa layi ake yi, kowa da fitilar goshi, mutum na bin dugadugan mutum. Tsinin da ya zame ya yi baya yana iya samun wani a fuska. Bar tazara, in kuma ka riƙe sandunan a hannu ɗaya, tsinin ya kalli ƙasa ta gabanka.

Shi tsinin, na kirki da wani ƙarfe mai tsananin tauri ake yinsa, tangistin kabaid, yana cizon ƙasa da ƙanƙara da dutse mai kaushi. A kan falalen dutse mai sulɓi irin na Filato kuwa yakan zame, yana ƙara, yana barin farin zane. Nan ne ake sa masa hular roba da ke zuwa tare da shi. A taɓo da jiƙaƙƙiyar ƙasa cire robar, don ita ce ke zamewa a nan, taɓo kuma yakan tuɓe ta ya haɗiye. Ɗan faifan da ke sama da tsinin kada ka cire shi don neman rage nauyi. Shi ke hana sandar nutsewa a taɓon kurmin Machame da na Mweka, shi ke kuma hana ta zurmawa can cikin tsagar dutse inda za ta karye. Ƙaramin ya isa, babban na dusar ƙanƙara ba ka bukatarsa a wannan hanya.

Wuri ɗaya ne za ka ajiye sanduna dole: Bangon Barranco, da safiyar rana ta huɗu. Hawa ne na sama da mita 250 da ake yi da hannu da ƙafa, ana dafa dutse. Zuƙe su tun a sansani, ɗaure a gefen jaka, tsini a ƙasa, kada su zarce kanka su riƙa karo da dutse. Haka kuma in hadari ya taso da walƙiya kana kan tudu, a Jos ko a ko'ina, ka sani kabon da alminiyom duka suna ɗaukar wutar lantarki. Sauka daga tudun, ka ajiye su nesa da kai.

Kwamitin likitoci na ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, ya ba da shawarar sanduna biyu masu zuƙewa, ya kuma ja kunne cewa dogaro da su kullum yana iya rage wa mutum iya tsayuwa da ƙafafunsa. Na yarda da wannan. A atisayenka, inda hanya take da sauƙi, riƙe su a hannu ka bar ƙafa ta yi aikinta.

Wajen tafiya, sa su a jakar da za a auna a shigar cikin jirgi, kada ka riƙe a hannu, domin jami'an tsaro a filayen jirgi da yawa ba sa barin abu mai tsini ya shiga wurin fasinja. Mai gaɓa uku in an zuƙe ta takan kai santimita 60 zuwa 65. In jakar ta gaza, zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, za su ƙara gajarta. Sa hular roba a tsinin, ka naɗe su cikin tufafi. A garin Moshi da ke gindin Kilimanjaro ana ba da hayar sanduna, amma ba ka san hannu nawa suka bi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe wannan a matsayin mafita in jakarka ta makara. Naɗa ɗan tef mai ƙarfi, kamar mita ɗaya, a jikin kowace sanda ƙasa da mariƙi: in gaɓa ta tsage, da shi da turken tanti ɗaya za ka yi mata ɗori ta kai ka sansani. Bayan kowace fita zare gaɓoɓin, goge ƙura da tsumma, bar su su bushe kafin ka mayar. Alminiyom da aka ajiye a jiƙe yakan yi wani farin gari a ciki ya manne. Kada ka sa mai ko giris ko kaɗan, makulli da gogayya yake riƙewa.

Game da gwiwar, sanda tana rage mata kaya ne, ba ta warkar da ita. Tun yanzu ka je likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi ya duba ta, ya ba ka motsa jikin da zai ƙarfafa tsokar cinya, musamman sauka daga mataki a hankali da ƙafa ɗaya. In tana kumbura, ko tana maƙalewa, ko kana jin tana neman zubar da kai, wannan ba aikin sanda ba ne, likita ne zai ce a tafi ko a dakata.

Ka sayi sandunan cikin makon nan. Fita biyu na farko ka yi su a hanya mai baje har hannu da ƙafa su saba, ka daina tunanin wanne ke gaba. Daga nan ka koma Shere da jakar da za ka goya a Tanzaniya, da ruwa lita uku a ciki, ka zaɓi gangara mafi tsawo da ka sani, ka sauko ta da sanda a 125, wata ranar a 130, ka ga wanne gwiwarka ta fi so. Lambar da ta yi maka, ka yi mata alama da tef a jikin gaɓar, ta hawa da ta sauka, yadda za ka same su da fitilar goshi a Barafu ba sai ka tsaya karanta lambobi ba.